Amsa ga mai tambaya kan shan T3 don ƙona kitse kafin gasar gina jiki

Toh ɗan'uwa na karanta tambayarka har sau biyu. Bari in taƙaita ta saboda waɗanda basu gani ba. Kace shekararka 26, kana ɗaga ƙarfe kusan shekara biyar, baka taɓa shan sitiroyid ba, yau sati goma kenan kana takura cin abinci saboda gasa, sikeli ya tsaya cak sati uku ko motsi, kaje kayi gwajin jini aka ce T3 ɗinka, wato homon ɗin tayirod, ya ɗan yi ƙasa, shine kocinka yace wai tayirod ɗinka ne ya kwanta, ka nemo Cytomel, wato ƙwayar T3, ka haɗa da clenbuterol, maganin buɗe hanyar numfashi da 'yan jim ke sha don ƙona kitse. Kana so ka san ko yana aiki, ko da gaske yana kashe tayirod har abada, in kuma haɗarin yayi yawa ko T4 ya fi sauƙi.

Ni likita ne, ɓangaren homon nake aiki, kuma nima ina ɗan taɓa ƙarfe, ba na gasa ba dai, na yaƙi da teɓa. Don haka na san haushin da mutum yake ji in ya kwana da yunwa ya hau sikeli da safe yaga jiya i yau. Amma tun yanzu in gaya maka bazan rubuta maka yadda ake sha ko guda nawa ba, dalilin zai fito a gaba.

Shi tayirod ɗan nama ne a gaban wuya ƙasan maƙogwaro, siffar malam-buɗe-littafi, nauyinsa bai wuce giram 20 zuwa 25 ba, shine wanda in ya kumbura ake cewa maƙoƙo. Abinda yafi fitarwa T4 ne, kusan maikrogiram 80 zuwa 100 a rana, kuma T4 ɗin kamar ajiya ce, bata da wani ƙarfi sosai sai an cire mata aidin guda ɗaya a hanta da ƙoda da sauran gaɓɓai ta koma T3, wanda shine mai aikin. Gaba ɗaya T3 ɗin da jikin babban mutum yake samarwa a rana kusan maikrogiram 30 ne, kuma kashi 80 cikin ɗari na wannan daga juya T4 ake samunsa ba daga wuyan kai tsaye ba. Riƙe wannan lamba ta 30 a ranka. A sama kuma akwai fituwitari a ƙasan ƙwaƙwalwa, ita ke aiko da wani homon da ake kira TSH tana cewa tayirod ƙara ko rage. In taga homon yayi yawa a jini sai ta janye TSH, tayirod ya naɗe hannu. Ma'ana in ka haɗiyi T3 kaɗan daga waje, jikinka zai rage nasa daidai gwargwado, ka tashi a tutar babu, ka dai kashe kuɗi. Kafin kaga bambanci a sikeli sai ka sha abinda ya haura wanda jikinka yake yi, kuma da zarar ka haura wannan layin sunan halin da kake ciki a wajenmu cuta ne, irin wadda muke kwantar da mutane a kanta. Babu wani tsaka-tsaki mai daɗi da mutum zai zauna yana ƙona kitse lafiya lau. Wannan ne ma hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta rubuta cikin baƙin akwatin gargaɗi a takardar kowane maganin tayirod: a mai lafiyayyen tayirod adadin da jiki yake buƙata baya rage ƙiba, wanda ya fi haka kuma yana iya kaiwa ga rasa rai, musamman in an haɗa da magungunan da ke zaburar da zuciya. Clenbuterol ɗin da kocinka ya ambata zaburar da zuciya na cikin aikinsa.

Yana aiki? Sikeli zai sauka, wannan bazan maka ƙarya ba. Tambayar ita ce me ya sauka. T3 yana shiga cikin ƙwayar halitta ya ƙara wa injin wuta, famfunan sodiyam da fotasiyam su ƙaru, makamashi ya riƙa tafiya a zafi a banza, shi yasa mai shansa yake jiƙewa da gumi ana sanyi. Amma wutar bata san kitse ba bata san tsoka ba. Yana hanzarta gina furotin yana hanzarta rushe shi, kuma in yayi yawa rushewar ke rinjaye, balle ga mutumin da dama abincinsa bai ishe shi ba. Mu a asibiti ɗaya daga cikin alamomin da muke gane mai yawan tayirod shine muce ya tsuguna ya tashi ba tare da ya dafa komai ba, sai kaga ƙato ya kasa, cinya da kafaɗa ne suke fara tafiya, wato daidai wuraren da ka shekara biyar kana ginawa. Waɗanda kake gani a hoto sun sha T3 kuma tsokarsu na nan, kusan dukkansu suna kan sitiroyid ne da yake riƙe musu tsokar, sun toshe rami da wani ramin. Kai da kace baka sha, babu abinda zai tare maka, zaka hau dandali ƙarami, a lafe, tsokar ta zama kamar balan-balan da ya kwana biyu, saboda har gilaikojin, ajiyar sugan da ke cika tsoka, yana cinyewa. Ga yunwa, don T3 yana buɗe ciki sosai, mutum yana takura abinci kuma ya ƙara wa kansa abinda zai sa shi tashi ƙarfe biyun dare yana buɗe firij.

Akwai labarin da nake yawan bawa matasa. Muhammad Ali, dambensa da Larry Holmes ranar 2 ga Oktoba 1980 a Las Vegas, yana da shekara 38. Kafin damben an bashi Thyrolar, haɗin T4 da T3, bisa zaton tayirod ɗinsa yayi ƙasa, kuma ya sha fiye da yadda aka rubuta. Ranar awo ya zo da fam 217 da rabi, cikinsa a shafe, mutane suka ce ai Ali na da ya dawo. Da aka shiga zobe ko hannu da ƙyar yake ɗagawa, bayan zagaye na 10 kocinsa Angelo Dundee ya tsayar da damben. Bance maganin kaɗai ya jawo ba, shekaru sun ja kuma lafiyarsa ta riga ta fara taɓuwa, amma ka lura da abinda ya faru, a ido ya bushe yayi kyau, a ciki babu ƙarfi.

Yanzu gwajinka, nan ne nake so ka nutsu don nan aka ruɗe ka. T3 ya ɗan sauka a mutumin da yayi sati goma yana cin ƙasa da buƙatarsa, kuma na tabbata ka yanke sitaci sosai, wannan ba ciwon tayirod bane. Jiki ne yaga abinci ya ragu sai ya rage juya T4 zuwa T3, ya karkata shi zuwa wani nau'in da baya aiki, domin yayi tattali kuma ya kare tsokarka daga rushewa. Kaga kenan abinda kocinka yake kira matsala shine yake tsare maka cinyarka a yanzu. Tun a gwajin yunwa na Minesota a 1944 zuwa 1945, maza 36 da aka rage wa abinci na sati 24 sun zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, kuma makamashin da jikinsu ke ƙonawa a kwance ya faɗi da kusan kashi 40 cikin ɗari, da abinci ya dawo shima ya dawo. Mai ciwon ƙarancin tayirod na gaske TSH ɗinsa ne yake hawa sama, ya wuce iyakar da galibin dakunan gwaji suke sawa wajen 0.4 zuwa 4, T4 kuma ya sauka. Baka faɗi TSH ɗinka ba, ni kuma shi nake so in gani kafin komai. Kuma ko masu ciwon na gaske, ƙibar da yake ƙara musu yawanci kilo 2 zuwa 5 ce, mafi yawanta ma ruwa da gishiri, shi yasa da yawansu suke jin haushinmu in mun basu magani basu rame ba.

Wani abu a gefe tunda ana maganar gwaji. In kana shan bayotin, wanda yake cikin ƙwayoyin gyaran gashi da fata da wasu haɗe-haɗen bitamin na 'yan jim, yana rikita na'urar gwaji a wasu wurare, TSH ya fito ƙasa T3 da T4 su fito sama alhali ƙarya ne, FDA ta fitar da gargaɗi kan bayotin da gwaje-gwajen jini a 2017. A dakatar da shi kwana biyu zuwa uku kafin a ɗebi jini. Masu shan sitiroyid kuma furotin ɗin da ke ɗauke da homon a jini ne yake raguwa, sai jimillar T4 ta fito ƙasa alhali wanda yake sake yana aiki lafiyarsa ƙalau, da yawa a nan suke tsorata su fara shan abinda basa buƙata.

Zuciya kuwa ita ce abinda ke hana ni barci a wannan harka. T3 yana ƙara yawan wuraren da adirenalin ke kamawa a zuciya, sai ya zamana ɗan abinda da can bazai dame ka ba yanzu ya sa ƙirji lugude. Ka ɗora clenbuterol, ka ɗora kafeyin ɗin garin da ake sha kafin motsa jiki, ka hau injin gudu da sassafe ba ka ci komai ba. Bugun da muke tsoro shine wanda saman zuciya yake karkarwa ba tsari, jini ya daskare a ciki, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa ya shanye ɓarin jiki. A binciken Framingham da aka buga a 1994, mutanen da suka haura 60 masu TSH a danne sun ninka sauran sau uku wajen samun wannan bugun cikin shekara goma. Eh tsofaffi ne, kai matashi ne, amma su ɗin basa haɗawa da clenbuterol kuma basa busar da ruwan jikinsu da gangan.

Bari in baka wanda na gani da idona. An taɓa kira na da asuba kan wani matashi, ƙirji kamar ƙofa, abokansa biyu suka ɗauko shi kamar buhu don ƙafafunsa sun ƙi motsi kwata-kwata, hannayen ma da ƙyar. Hankalinsa ras, yana magana yana kuka yana cewa shi lafiya lau ya kwanta. Na kama hannunsa, tafin a jiƙe da ɗumi, bugun yana gudu sama da 120 yana kwance. Fotasiyam ɗinsa ya dawo wajen 2, alhali daidai shine 3.5 zuwa 5. Mun tambaye shi sau uku me yake sha yace furotin kawai, sai da abokin ya ciro wata 'yar kwalba daga jakarsa. Ashe saura kwana kaɗan gasa, yana kan T3 da clenbuterol, daren jiya kuma ya loda sitaci da zaƙi don tsoka ta cika. Abinda ya faru shine T3 ya riga ya ƙara famfunan da ke tura fotasiyam cikin tsoka, clenbuterol ya ƙara musu gudu, sitacin ya tayar da insulin shima ya ƙara, duk fotasiyam ɗin jini ya shige ciki lokaci guda. Wannan shanyewar an fi saninta a mazan Asiya masu ciwon tayirod amma wanda ya sha da hannunsa ma yana samu ko daga ina yake. Gyaran ma sai da lallaɓawa, don fotasiyam ɗin bai bar jiki ba ɓuya yayi, in ka ɗura da yawa anjima ya fito gaba ɗaya ya tsayar da zuciya. Zuwa yamma ya miƙe da ƙafarsa. Abin da ya fara tambayata bayan ya tashi wai zai iya shiga gasar ranar Asabar? Wallahi rasa abin cewa nayi na ɗan lokaci.

Ƙashi ma yana zaizayewa in an daɗe, ga rashin barci, rawar hannu, gudawa, saurin fushi, zubar gashi, mata kuma al'ada ta rikice. Mai ciwon suga sugansa ya hau, mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, jininsa ya ƙara tsinkewa.

Batun ko yana kashe tayirod har abada, a nan zan ɗan kare T3 don gaskiya ɗaya ce. A mai lafiyayyen tayirod yawanci baya kashewa. Tun 1975 aka buga binciken matan da suka shekara da shekaru suna shan homon ɗin tayirod ba tare da suna buƙata ba, da aka tsayar sai nasu ya farfaɗo cikin 'yan makonni. Amma 'yan makonnin nan fa? T3 rabin rayuwarsa a jini kusan kwana ɗaya ne, yana fita da sauri, naka kuma bai tashi daga barci ba tukuna, ajiyar T4 ɗinka ma ta yi ƙasa saboda an daɗe ba a yi sabo ba. Sai ka faɗa rami, sanyi, kasala, ciki ya ɗaure, fuska ta kumbura, rai ya ɓaci ba dalili. Kuma yaushe ne wannan yake faɗowa? Daidai bayan gasa, lokacin da mutum yake cin duk abinda ya gani. Injin a ƙasa, abinci a sama, tsoka ta ragu, kitsen ya dawo har da riba. A nan ne da yawa suke cewa kaga tayirod ɗina ya mutu, su koma kan ƙwayar, an gudu ba a tsira ba. Wasu kuma dama suna da ciwon Hashimoto, wanda garkuwar jiki ke cin tayirod, a ɓoye basu sani ba, sai bayan sun daina a gano, a ɗora wa T3 laifin.

T4 fa? Ya fi laushi ta fuskar cewa jiki ne yake yanke nawa zai juya, kuma jikin da ke cikin yunwa ƙin juyawa zai yi, don haka kaɗan bazai maka komai ba. In ka ƙara har ya fi ƙarfin wannan birkin ka dawo cutar da muka gama magana, sai dai wannan karon rabin rayuwarsa kusan kwana bakwai ne, in abu ya ɓaci ba gobe zai fita ba, sai kayi makonni kana fama.

Sai maganar inda za a samo. Tunda babu likitan kirki da zai rubuta maka, ƙarshenta ta intanet ko hannun wani a jim, sau da yawa ma na ruwa a kwalba da ɗan bututun ɗigawa. Wannan magani da maikrogiram ake auna shi, miligiram ɗaya maikrogiram dubu ne, ƙurar da ko a idonka bazaka gani ba ita ce bambancin. Hatta kantunan haɗa magani masu lasisi an samu lokutan da suka yi kuskuren awo mutane suka kwanta asibiti, ina ga wanda yake damawa a ɗakinsa. Kuma kar wani ya ruɗe ka da cewa ai WADA, hukumar hana shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, bata haramta homon ɗin tayirod ba. Gaskiya ne baya cikin jerin, clenbuterol dai yana ciki, amma jerin WADA ba jerin abubuwan da basa cutarwa bane.

Abinda ke bani mamaki, mutane suna ɗauka wani sirri ne da likitoci suka ɓoye. An gwada fa, an daɗe ana gwadawa. A shekarun 1960 a Amurka asibitocin rage ƙiba suna raba ƙwayoyi kala-kala da ake kira na bakan gizo, haɗin tayirod da amfetamin da dijitalis da maganin fitsari, mutane suka mutu har majalisar dattawa ta zauna a kai. A wani babban gwajin masu ciwon zuciya an bada dextrothyroxine, wani dangin T4, don rage kolestarol, dole aka tsayar da wannan ɓangaren a 1971 saboda mace-mace sun fi yawa a cikinsa. Kamfanonin magani sun shafe shekaru suna neman wanda zai taɓa hanta ya ƙyale zuciya da ƙashi, sai a Maris 2024 aka amince da resmetirom, shima na ciwon kitsen hanta ne ba na rage ƙiba ba. Masu biliyoyin kuɗi da dakunan bincike basu iya raba ƙona kitsen da cutar ba, kocinka ne zai raba da ɗan bututun ɗigawa?

Ga abinda zan yi da nine kai. Sati uku sikeli bai motsa ba a sati na goma, abu na farko da nake zargi ruwa ne, don yunwa da yawan motsa jiki da ƙarancin barci suna tayar da kotizol, homon ɗin damuwa, jiki ya riƙe ruwa ya rufe kitsen da ya tafi, auna ƙugunka da tef ka duba hotunan sati uku da suka wuce a haske iri ɗaya. Na biyu awon abinci, kusan kowa hannunsa yana ƙara nauyi in an daɗe, mai da miya da ɗan ɗanɗane basa shiga lissafi. Na uku, mutum in ya gaji yana rage motsi bai sani ba, ya daina tafiya ya daina tsayuwa, duba takun da wayarka ta ƙirga a watan farko da na yanzu zaka sha mamaki. Ka ɗauki sati ɗaya zuwa biyu ka ci daidai buƙatar jikinka, ƙarin ya zama sitaci, don sitaci na cikin abinda yafi saurin dawo da T3, furotin ya tsaya wajen giram 2 ko sama kaɗan a kowane kilo na nauyinka, ƙarfen da kake ɗagawa kar ka rage masa nauyi, barci awa bakwai zuwa takwas. In lissafi ya nuna bazaka bushe kan lokaci ba, ka ɗaga zuwa gasa ta gaba, da yawan masu neman T3 matsalarsu kawai sun makara ne wajen farawa.

Gwajin kuma a maimaita shi bayan ka koma cin abinci sosai na sati huɗu zuwa shida, TSH da sakakken T4, in akwai mai ciwon tayirod a danginku a ƙara da gwajin TPO, mai nuna ko garkuwar jiki tana kai wa tayirod hari. In TSH ya fito sama a lokacin, kaje wajen likita, wannan magani ne na gaske kuma levothyroxine, wato ƙwayar T4, ake bayarwa ana bibiya da gwaji.

In kuma ka riga ka fara sha baka faɗa min bane, kaje a duba ka kuma ka faɗi gaskiya, kai kwalbar ma. Ɓoyewa bata da amfani, jinin zai tona, TSH a ƙasa, T4 a ƙasa, T3 a sama, tayirogulobulin, furotin ɗin da tayirod ke yi, a ƙasa, mun san wannan hoton. Kuma in kaji bugun zuciya yana tsalle ba tsari, ko ciwon ƙirji, ko numfashi na sarƙewa, ko zazzaɓi mai zafi da ruɗewa, ko ka tashi cinyoyinka sun yi nauyi sun ƙi ɗaukarka, kar ka jira gari ya waye kuma kar ka tuƙa kanka, a kai ka sashen gaggawa, kana shiga kace musu a duba fotasiyam a ɗauki hoton bugun zuciya.